Daren da Kuɗin Tes Ya Ƙare: Nazarin Abin da Ya Sami Shafin Wani Shagon Shadda a Kumasi

Kafin azumi

Shagon na wata Hajiya ce mazauniyar unguwar Aboabo a Kumasi, wadda ta haura shekara 20 tana sayar da shadda, leshi da atamfa a kusa da kasuwar Kejetia. Cinikinta ya daɗe da wuce Kumasi. Tana aika kaya Tamale, Techiman, Bawku, da Nima da Madina a Accra, ga kuma 'ya'yan Zango mazauna Amurka, Ingila da Jamus waɗanda ke biya daga can, a kai wa iyayensu a gida. Da saƙonnin WhatsApp suka fi ƙarfinta, sai ɗan ƙaninta, wanda ya koyi rubuta manhaja, ya gina mata shafin intanet: ka ga kaya, ka zaɓa, ka biya da MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ko da kati.

Ba a shiga shafin da kalmar sirri. Hajiya ce ta hana, ta ce mutanenta lambar sirrin MoMo ma da ƙyar suke riƙewa. Mai saye yakan rubuta lambar wayarsa, a aiko masa da kod mai lamba 4 ta tes, ya shigar, ƙofa ta buɗe. Kowane tes kuɗi ne. Akwai wani kamfani da ake zuba wa kuɗi tun da farko, yana cirewa da kaɗan-kaɗan. Na cikin Ghana 'yan fesuwa ne, wato kwabon Ghana, na ƙasashen waje kuwa ya ninka haka sau da yawa, amma saboda masu saye na ƙetare yaron ya bar hanyar aikawa ko'ina a buɗe. Sidi 500 kan kai su wata biyu.

Sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, guda ɗaya ce ta haya a Turai, manhajar nginx na karɓar baƙi a bakinta, Cloudflare kuma, kamfanin da ke tsayawa tsakanin shafi da masu ziyartarsa, na gaban su duka. Babu wani ma'auni a kan yawan buƙatun da mutum zai iya aikowa, domin a wata takwas na farko babu abin da ya faru.

Wanda ya san harkar ya san cewa cinikin kayan Sallah a rabin farko na azumi ake yin sa. Daga nan teloli sun daina karɓar ɗinki, wanda bai sayi yadi ba kuma sai dai ya nemi ɗinkakke.

Daren 3 ga azumi

Bayan sahur wata mata ta kira daga Tamale ta ce ta danna ta danna, kod bai zo ba. Kafin hantsi an sami irin wannan kira har shida. Yaron ya duba asusun tes, ya tarar babu ko fesuwa, alhali an zuba sidi 500 kwana 9 da suka wuce. Ya ɗauka kuskuren lissafi ne daga kamfanin, Hajiya ta sake zuba wasu 500 don kada ciniki ya tsaya. Washegari da asuba su ma sun tafi.

Sai a nan ya buɗe jerin saƙonnin da aka aika. Tsakanin ƙarfe 1 da 4 na dare an tura ɗaruruwan tes zuwa lambobin ƙasashe uku da shagon bai taɓa sayar da ko ƙyalle a cikinsu ba. Lambobin a jere suke, wannan na bin wannan, kamar an ɗauko su daga littafi. Babu ko ɗaya da aka dawo aka shigar da kod ɗinsa.

Wannan damfara sananniya ce. Mai yin ta yana da hannu a wasu rukunin lambobi, ko yana da yarjejeniya da wani a cikin jerin masu isar da saƙo, ta yadda duk tes ɗin da ya sauka a lambobin yana da kaso a kuɗinsa. Sai ya saki 'yar manhaja mai aiki da kanta, wadda ake kira bot, ta yi ta cika fom ɗin neman kod a shafukan mutane. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: Elon Musk ya taɓa cewa irin wannan na cin Twitter dala miliyan 60 a shekara, kuma a watan Maris na 2023 kamfanin ya janye tabbatarwa ta tes daga waɗanda ba sa biyan kuɗin wata.

"Mma, ba kutse aka yi mana ba," in ji yaron. "Ƙofar da muka buɗe wa kowa ita suke bi."

"To ka rufe musu, ɗana, amma kada ka rufe wa masu sayena."

4 zuwa 6 ga azumi: toshe adireshi

Abin da ya fara zuwa masa shi ne abin da kan fara zuwa wa kowa. Duk buƙatar da ta iso saba tana ɗauke da adireshin IP na inda ta fito, kuma nginx na rubuta shi a kundin shige da fice. Ya duba kundin ya ga adireshi kaɗan ne ke maimaituwa, ya yi murna. Ya kafa Fail2ban, wadda ke karanta kundi ta rufe ƙofa ga mai yawan ƙwanƙwasawa, da doka cewa duk adireshin da ya nemi kod fiye da sau 20 cikin minti 10 a toshe shi na awa 24.

Cikin awa ɗaya shafin ya fara ɗaukewa kamar wutar lantarkin Ghana a lokacin dumso: wani ya buɗe ya shiga, wani ya ga shafin kuskure. Dalili kuwa, duk baƙon shafin ta hannun Cloudflare yake biyowa, saboda haka adireshin da nginx ke gani na Cloudflare ne, ba na baƙon ba. Ɗan aiken da ke kawo kowa, mai saye da ɓarawo, shi yaron ya kora. Adireshin gaskiya yana zuwa ne a wani kan saƙo mai suna CF-Connecting-IP, kuma sai an gaya wa nginx ta karanta daga can, ta kuma yarda da shi daga adireshin Cloudflare kaɗai, in ba haka ba kowa na iya rubuta ƙarya a wurin. Da ya gyara wannan sai wani abu ya biyo baya: toshewa a katangar sabar ta daina amfani, tunda har yanzu ta hannun Cloudflare haɗin ke zuwa. Dole ya mayar da jerin waɗanda aka hana cikin nginx kanta.

Yanzu hoton ya fito. Adireshi kusan 30 ne, duk na kamfanonin hayar saba. Ya toshe su. Daren 5 aka kwana lafiya, Hajiya ta sa masa albarka. Daren 6 suka dawo daga ɗaruruwan adireshi, kowanne ya nemi kod biyu ko uku ya ɓace. Waɗannan ba na kamfanonin saba ba ne kuma, na gidaje ne da wayoyin mutane a ƙasashe barkatai. Akwai masu ba da hayar irin waɗannan, sau da yawa ma mai wayar bai san ana bi ta cikinta ba. Dokar sau 20 ba ta kama ko guda ba.

7 zuwa 9 ga azumi: matse awo

Sai ya matse. A nginx akwai umarnin limit_req, wanda ke aiki kamar bokiti mai yoyo: buƙatu na zuba ta sama, suna fita ta ƙasa da gudu ɗaya da aka tsara, abin da ya cika ya zube a ƙasa. Ya sa buƙata 2 a minti ga kowane adireshi, ya ƙara da cewa wanda aka mayar sau uku a toshe shi na awa 24.

Akwai abin da bai lura da shi ba. A wurin nginx, 2 a minti na nufin ɗaya a kowane daƙiƙa 30. In ba a ba bokitin zurfi ba, wato adadin da zai iya riƙewa in buƙatu sun zo a tare, to wanda ya danna sau biyu cikin daƙiƙa 10 an riga an mayar da shi. Su wa ke danna sau biyu? Masu saye na gaskiya. Tes kan yi jinkiri, musamman da daddare, mutum ya gaji da jira ya sake dannawa. Bot ba ta da wannan gajen haƙuri, ko kallon tes ɗin ba ta yi. Ƙari a kan haka, amsar da nginx ke bayarwa in ba a canza ba ita ce 503, farin shafi da 'yan kalmomin Turanci da ke nuna kamar sabar ce ta lalace. Wanda ya ga haka sai ya ƙara dannawa, ya cika ukun, a toshe shi.

Babbar ɓarnar ta zo ne daga abin da ake toshewar. Adireshin IP na tsohon tsari, wato IPv4, duka-duka kusan biliyan 4.3 ne a duniya, sun kuma daɗe da yin ƙaranci. Saboda haka kamfanonin layin waya kan tara masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya da duniya ke gani, tsarin da ake kira CGNAT, wanda tun 2012 aka ware masa rukunin adireshi na cikin gida, 100.64.0.0/10. Kusan duk masu sayen Hajiya da datar MTN, Telecel ko AT suke shiga. In wata mata a unguwar Asawase ta Kumasi ta danna sau huɗu aka toshe adireshinta, an toshe duk wanda ya fito ta wannan adireshi har gobe war haka, ko a garin Wa yake, can arewacin Ghana. Ita kanta kuwa in ta kashe data ta kunna tana iya samun sabon adireshi ta wuce abinta, ta bar wasu da hukuncinta. Wake ɗaya ya ɓata gari, waken kuma ya yi gaba.

Hajiya takan sa sababbin kaya a sitatus bayan sallar asham, kuma a wannan sa'a ce jama'a ke tururuwa. Daren 8 ga azumi oda 11 aka samu, alhali a irin daren sukan haura 40. Waɗanda suka fi jin jiki su ne dillalai, matan da ke zagaya gidaje da waya ɗaya suna yi wa mata biyar ko shida oda, kowacce da lambarta. A idon ma'aunin, dillaliya da bot kamarsu ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ta zo shago da kanta ta ce, "Hajiya, in kin daina sayar mana ne ki faɗa mana baki da baki." Kuɗin tes kuma bai daina zurarewa ba, ya dai ragu da kamar kashi ɗaya cikin biyar.

10 ga azumi: rufe ƙasashe

Kwana ɗaya wannan ya yi. Yaron ya sa doka a Cloudflare cewa wanda ba daga Ghana yake ba kada ya ga shafin neman kod. Satar ta tsaya cak a daren. Da yamma kuma wani ɗan unguwa mazaunin Bronx a Amurka ya kira yana tambaya ko shagon ya rufe, yana son shadda turmi shida na gidansu. Irin waɗannan ba su da yawa, amma odar ɗayansu takan kai ta mutum goma. An cire dokar kafin buɗa-baki.

11 zuwa 13 ga azumi: canza abin da ake ƙirgawa

Wani abokin yaron da ke aiki a Accra ya ce ya turo masa kundi biyu, na nginx da na tes, ya ɗora su gefe da gefe. Tambaya ɗaya ya yi: a cikin kod goma da aka aika, nawa ake dawowa a shigar? Kafin azumi, kusan 8. A lambobin ƙasashen nan uku, sifili. Adireshi na canzawa kowane minti, amma inda kuɗin ke sauka bai taɓa canzawa ba, domin nan ne ribar mai harin take.

Sun yi gyaran a cikin manhajar shagon, ba a bakin saba ba, tunda manhajar ce kaɗai ta san lambar da ake son aika wa.

Da farko aka juya tsarin ƙasashe. Maimakon a duba daga inda mai nema yake, sai a duba inda tes zai je. Lambobin +233 na Ghana, da +228 na Togo, +226 na Burkina Faso, +227 na Nijar da +234 na Najeriya, inda shagon ke da masu saye na haƙiƙa, su kaɗai ake aika wa tes. Kowa na iya buɗe shafin daga ko'ina, amma mai lambar wata ƙasa ta imel zai karɓi kod, wanda kusan kyauta ne. Na Bronx bai ga wani bambanci ba, sai dai kod ɗinsa ta imel zai riƙa zuwa.

Sannan aka sa ƙidaya a kan lambar waya: kod 3 a awa, 6 a yini, da jiran daƙiƙa 60 tsakanin ɗaya da ɗaya. Ana riƙe ƙidayar a Redis, wata manhajar ajiye bayanai. Nan ma sai da aka yi tuntuɓe biyu. Lamba ɗaya ana iya rubuta ta da sifili a gaba, ko da 233, ko da +233, ko da tazara a tsakani, ƙidayar kuma ta ɗauke su lambobi daban-daban, har sai da aka sa a fara daidaita rubutun kafin a ƙirga. Na biyu, ƙara ƙidaya umarni ɗaya ne, sa mata lokacin mutuwa wani umarni ne daban. Sau ɗaya manhajar ta sake tashi a tsakanin biyun, ƙidayar wata mata ta zauna ba ranar gogewa, aka yi kwana biyu tana ganin "ki jira". An haɗe umarnin biyu su zama aiki ɗaya da ba ya rabuwa.

Ma'aunin adireshi bai tafi ba, an dai sassauta shi ƙwarai: 30 a minti, da zurfin 20, kuma babu sauran toshewa ta awa 24 ga adireshin layukan waya. Aikinsa yanzu tare ambaliya ne kawai. Amsar ma an canza ta zuwa 429, lambar da aka tanada tun 2012 a takardar RFC 6585 don cewa buƙatu sun yi yawa, tare da Retry-After mai faɗin daƙiƙa nawa za a jira. Abin da mai saye ke gani shi ne rubutu da Hausa da Turanci cewa kod na hanya, da agogo mai ƙirgawa a kan maɓallin. Wannan agogon, wanda bai ci yaron awa ɗaya ba, ya rage sake dannawa fiye da duk wata doka da ya taɓa sawa.

Na ƙarshe Hajiya ce ta kawo shi, ba masu kwamfuta ba. Ta tambaya nawa ne mafi yawan tes da suka taɓa aikawa a yini na halal. Aka duba, 260. Ta ce to a sa 400, in an kai nan a tsaya ko wane ne ke nema, ita ba ta ba yaron shago jakar kuɗi gaba ɗaya don ya je sayo canji. Aka sa in an kai 280 wayar yaron ta yi ƙara, in an kai 400 shafin ya koma imel ya kuma nuna lambar shago.

Daren 13, bot ta aiko buƙatu sama da 2,000. Tes ko ɗaya bai fita zuwa lambobinta ba. Ta yi ta zuwa dare uku tana raguwa, sannan ta daina.

17 ga azumi: ɗaya ƙofar

Da yake yanzu yaron na duba kundi kullum bayan asuba, ya ga wani abu dabam. An nemi kod ɗaya tak a lambar wata dillaliya, sannan aka yi ta gwada amsa: 0000, 0001, 0002. Duk gyaran da aka yi a kan neman kod ne, ba wanda ya tuna da wurin shigar da shi. Lamba 4 hanyoyi 10,000 ne. Mai gwada 20 a daƙiƙa zai gama su cikin daƙiƙa 500, minti 8 da 'yan kai, kod ɗin kuwa minti 30 yake rayuwa. Abin da ya cece ta shi ne ma'aunin adireshin nan da aka sassauta, wanda ya rage wa mai gwajin gudu har kod ya mutu. Da ya raba gwajin a kan adireshi da yawa kamar na farko, da ya shiga, ya ga adireshin gidajen matan da take yi wa oda da lambobinsu.

A ranar aka mayar da kod lamba 6, wato hanyoyi miliyan ɗaya, rayuwarsa minti 5, kuma gwaji 5 kacal sai ya mutu. Damar mai cinta ta koma 1 cikin 200,000 a kowane kod. Ba a kulle asusun mutum saboda kuskuren gwaji, kod ɗin kaɗai ke mutuwa, domin in ana kullewa, duk mai jin haushin dillaliya zai iya hana ta ciniki da danne-danne biyar. An kai rahoto ga Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana, wadda dokar 2020 mai lamba 1038 ta kafa, ta layinta na 292. Ko mai gwajin yana da alaƙa da masu satar tes, kundin bai nuna ba. Lamba ɗaya ya nufa, ta wadda aka sani a unguwa.

Bayan Sallah: lissafi

Kuɗin tes da aka yi asara ya kai sidi 1,700. Cinikin da ya kuɓuce tsakanin 7 da 10 ga azumi ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma a ganina wannan ne ainihin darasin lamarin da ya kamata mai irin wannan shafi ya tsaya a kai: ɓarayin sun ci kaɗan, maganin da aka yi cikin gaggawa ya ci da yawa. Da a daren 4 an rufe aikawa ƙasashen waje a asusun kamfanin tes, abin da maɓalli ɗaya ne, da an sami sararin yin tunani.

Toshe adireshi ya gaza ne saboda adireshi abu ne mai araha a hannun mai hari, mai tsada a hannun mai saye. Shi yana da dubbai yana zubarwa, su kuma dubbai ne ke raba guda. A ƙasar da jama'a ke shiga intanet da datar waya, hukunta adireshi hukunta unguwa ne. Abin da ya yi aiki shi ne ƙirga abin da mai harin ba zai iya canzawa ba sai ya rasa ribarsa, wato inda tes ke sauka, da kuma sa rufi a kan jimillar kuɗin da za a iya kashewa a yini. Ban ce ma'aunin adireshi banza ne ba, shi ya tare mai gwajin 17 ga wata. Matsayinsa dai na mai gadin bakin titi ne, ba na mai riƙe da makullin sito ba.

Akwai abin da bai warware ba. Rufin 400 kansa makami ne: wanda ya so zai iya neman kod a lambobin Ghana 400 daban-daban da sassafe, ya tura kowa imel har dare, alhali yawancin masu sayen Hajiya ba sa buɗe imel. Yaron ya shirya gwajin tantance mutum da bot na Cloudflare mai suna Turnstile, wanda zai fito kawai in kod ɗin da ake shigarwa ya faɗi ƙasa da rabin waɗanda aka aika cikin awa ɗaya, amma ba a taɓa gwada shi a daren cunkoso ba. Kundin da ke ɗauke da lambobin mutane yanzu kwana 30 yake yi a goge, saboda dokar kare bayanai ta 2012 mai lamba 843. Dillalai tara an ba su asusu na musamman da ke riƙe shiga na wata guda, ba sai sun nemi kod ga kowace mata ba. Hajiya ta ce kafin Babbar Sallah a ɗaga rufin zuwa 500, a kuma mayar da shi 400 ranar da aka gama rabon nama.